Kayan gwanjo a Cadawa: Gyara ya fi sabon saye, amma a san inda hannu zai tsaya

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya. Duk wanda ke cin kasuwannin jihar Maradi, tun daga Gidan Rumji a yamma, ya ratso birnin Maradi zuwa Cadawa, ya zarce Agye da Gazawa a gabas, ya san cewa daga shekarar 2023 zuwa yau kiɗan kasuwa ya sauya. A da, idan fankar shago ta tsaya, ko firjin mai ƙanƙara ya daina sanyi, ba a cika tsayawa dogon lissafi ba, sai a tura shi bayan ɗaki, a ce in an shiga Jibiya ko Kano a ɗauko wani na gwanjo. Yanzu kuwa mai ƙaramin jari sai ta auna sau biyu kafin ta kira wani abu a gidanta da sunan matacce, domin kuɗin da za ta maye gurbinsa da su, su ne kuɗin da take juyawa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu dubi wannan al'amari a filinmu na yau, musamman saboda 'yan uwa mata masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da lamurje da ɗinki da markaɗe, da kuma masu shaguna da masu cajin waya, waɗanda abincinsu ya rataya a kan na'ura guda ɗaya, wadda galibi ta hannu ce, wani ya riga ya ci ƙuruciyarta a Turai ko a Legas kafin ta iso gare su.

Yadda aka faro

Idan ba a manta ba, a ranar 26 ga watan Yulin 2023 ne sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ragamar mulki. Kwana 4 bayan haka ƙungiyar ECOWAS, wadda a nan aka fi sani da CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take turowa, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. Mutanen wannan yanki ba labari aka ba su ba, domin babban layin wutar da ke fitowa daga Katsina a Gazawa yake sauka, daga nan ne kamfanin NIGELEC ke rarraba shi zuwa Maradi da Damagaram. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar Najeriya.

Waɗannan watanni sun yi wa masu ƙaramar sana'a illa ta fuska biyu. Ta farko, wutar da ake kawowa a ɗauke, ko ta zo ba ƙarfi, babu abin da ta fi saurin kashewa kamar injin firji da na fanka. Ta biyu, hanyar da ake samun madadin abin da ya mutu ita ma ta toshe. Ko bayan ɗage takunkumin, Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kayan da aka saba saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka koma bin Lome, su ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji. Doguwar hanya kuwa, kowane ɗan kasuwa ya sani, a kan mai saye na ƙarshe take sauke nauyinta.

Wani zai ce, ai naira ta faɗi, mai sefa ya zama sarki a Jibiya. Gaskiya ne, bayan gwamnatin Bola Tinubu ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ta kuma saki naira a watan Yuni, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura naira 1,500 a 2024, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan 655 da 'yan kai. Jika guda ta koma sayen naira kusan ninki biyu na abin da take saye a da. Sai dai kuma dillalin kasuwar Alaba ta Legas da dala yake shigo da kwantenarsa, don haka gwargwadon faɗuwar naira, gwargwadon ƙarin da yake yi, ga kuɗin mota ya tashi saboda tsadar mai. Wanda ya ƙirga tulin nairar da aka canza masa ya yi murna, da ya isa gaban mai firji sai murna ta koma ciki.

Me ke cikin kwantenar?

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, ba duk abin da aka kira Beljiyam ko tokumbo ba ne ya baro Turai da rai. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da hukumomin Najeriya a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da kimanin tan dubu 60 na tsofaffin kayan lantarki a kowace shekara, kuma aƙalla tan dubu 15 daga ciki matattu ne tun daga can. Kusan kashi 77 cikin 100 na kayan daga tashoshin ƙasashen Tarayyar Turai suka taso, kuma mafi yawansu a cikin tsofaffin motoci ake cusa su. Daga Legas suke hawowa Sabon Gari ta Kano, daga nan Katsina, Jibiya, Dan Isa, Maradi, har su sauka a rumfunan Cadawa, inda hanyar Mayahi ta haɗu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. A kowane zango kuwa ana tsince masu kyau, don haka mai saye na ƙarshen hanya shi ya fi kowa buƙatar buɗe ido.

Ba don babu doka ba ne. Akwai yarjejeniyar Basel ta 1989, akwai ta Bamako ta 1991, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla bayan abin kunyar da ya faru a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya. Amma mataccen talabijin da aka rubuta masa "na hannu" a takardar kwastan yakan wuce salin alin. Ghana ce ta yi ta maza, ta hana shigo da tsofaffin firji kwata-kwata tun 2013, saboda shan wutarsu. Mu kuwa a nan, inda sabon firji ya fi ƙarfin mafi yawan mata, haramci kaɗai zai zama kashe kasuwar talaka. Abin da ya rage a hannunmu shi ne iya zaɓe da iya gyara.

Kafin ki zaro kuɗi

Gyara tun daga wurin saye yake farawa. Abu na farko, kada a yarda da cinikin "ba gwaji", komai arharsa, sai fa in mai sayen shi kansa mai gyara ne da ke neman kayan ciki. Arha ba ta ado. A jona abin a gabanki. In firji ne, a bar shi ya yi aiki kamar rabin awa, ki sa hannu ki ji sanyi ya kama ko'ina a ɗakin ƙanƙarar, ba kusurwa ɗaya kawai ba. Ki leƙa baya: in kin ga maiƙo a jikin siraran bututun nan, alama ce gas na yoyo. Ki maƙala takarda a bakin ƙofar ki rufe, ki ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ƙofar ta saki, sanyi zai riƙa zurarewa, injin kuma ba zai huta ba.

Abu na biyu, a karanta 'yar takardar da ke manne a bayan kowace na'ura, ko a sa ɗan makaranta ya karanta. Wutarmu 220 ce. Kayan da suka fito daga Amurka na wuta 110 ne ko 120, in aka jona su kai tsaye, hayaƙi ne zai ba da labari. Abu na uku, a yi sharaɗi a gaban shaida, ko da na kwana 3 ne, cewa in aibi ya bayyana za a maido. Dillalin da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya faɗa miki abin da ya sani game da kayansa. Su ma masu sayarwa su ji tsoron Allah, ɓoye aibi algus ne, kuma a kasuwar da kowa ya san gidan kowa, ribar algus ba ta kai wa kasuwa ta gaba.

Gyaran da hannu zai iya

Mu ɗauki misali. A ce firjin gwanjo ya tasar miki jika 90, kuma a watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, yana kawo miki ribar jika 2 a rana. Idan ya tsaya kwana 15 ana jiran mai gyara, ko ana neman motar da za ta kai shi Maradi, jika 30 sun tafi, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ke nan, ban da ladan gyara, ban da masu sayen da suka saba da ƙofar maƙwabciya. Abin takaicin kuma, sau da yawa in an buɗe sai a tarar ciwon bai taka kara ya karya ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce a zare filogi kafin a taɓa komai, hannu a bushe, ƙafa da takalmin roba. Ta biyu, a fara daga waje kafin a shiga ciki. A gwada soket ɗin da wata na'ura, a duba waya ko ɓera ya ci, a duba filogi ko ya ƙone ko ya yi sako-sako. Wannan matsala ta filogi ta zama ruwan dare a nan, domin kayan da suka biyo ta Najeriya masu ƙafa uku ne irin na Ingila, soket ɗinmu kuwa mai rami zagayayye ne irin na Faransa, sai a riƙa cusawa da ƙarfin tsiya, ko a zura tsirarar waya a tokare da tsinken ashana. Sauya filogi aikin minti 10 ne da sukundireba.

Fanka: in tana gurnani ba ta juyawa, amma da an tura fiffiken da tsinke sai ta kama, abu biyu ake zargi. Ko ƙurar hunturu ta daskare a kan sandar da ke juyawa, ko kuma 'yar baƙar abar nan mai kama da akwatin ashana, wadda masu gyara ke kira kafasita, ta gaji. A cire raga da fiffike, a goge, a ɗiga man keken ɗinki a gaba da baya. Kada a sa man gyaɗa ko manja, domin da sun ji zafi da ƙura sai su zama danƙo. In ba ta tashi ba, a ciro kafasitar a je da ita kasuwa a sayo mai lamba iri ɗaya. Kuɗinta bai kai na mudun gero biyu ba, amma fankoki nawa aka sayar wa 'yan jari bola a kanta?

Firji: in an ɗauko shi a kwance a mota ko a amalanke, a tsayar da shi ya kwana kafin a jona, don man injin ya koma mazauninsa. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a riƙa share ƙurar ragar baya, kada kuma a ajiye shi inda rana ke duka. In aka ɗauke wuta, a zare, in ta dawo a jira kamar minti 5 kafin a mayar. In ana jin ƙas-ƙas lokaci-lokaci amma injin bai tashi ba, sau da yawa wutar ce ba ta da ƙarfi, ko kuma ɗan makunnin da ke gefen injin ne ya lalace, ba injin ne ya mutu ba. A zare shi nan take don kada ya ƙone. Mai hali ta nemi na'urar daidaita wuta, ta fi sabon inji sauƙi. Sannan don Allah a daina fasa ƙanƙarar da ta daskare da wuƙa. Huji ɗaya a bangon ya isa ya zubar da gas duka. A kashe, a buɗe ƙofa, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki.

Keken ɗinki, ko Singer ce ko Butterfly, ita ce ta fi kowa haƙuri. In tana tsallake ɗinki, a fara sauya allura, a tabbatar an sa ta daidai. In zare na cukurkuɗewa ta ƙasa, galibi laifin na zaren sama ne, a zare a sake zurawa. A buɗe farantin ƙasan allura a share burbushin yadi, a ɗiga mai, in bel ya saki a rage shi. Rediyo da tocila kuwa, a duba wurin zaman batir, in ya yi tsatsa ko fari-fari a kankare. Wayar da ta ƙi caji, a kashe ta, a sakace ramin cajin a hankali da tsinken itace, ba da allura ba, za a sha mamakin ƙurar da za ta fito.

Masu sola, waɗanda suka ƙaru sosai tun bayan duhun 2023, su sani faifan sola na hannu yana iya yin shekaru yana aiki, amma batir na hannu caca ne, domin ido ba ya ganin saura kwana nawa gare shi. A riƙa wanke faifan da ruwa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Batir mai murfi ruwan batir ake ƙara masa, ba na rijiya ko na famfo ba, kuma kada a riƙa tatse shi har ya mutu murus kowane dare.

Inda hannu zai tsaya

Kowa ya san iyakar gonarsa ya huta da shari'a. Akwai abubuwan da ba na gwaji ba ne. Tsohon talabijin mai ƙeya da na'urar ɗumama abinci suna riƙe wuta mai kisa a cikinsu ko bayan an zare su, kada a buɗe. Gas ɗin firji aikin gwani ne, domin yawancin firjin Turai na shekarun nan da gas mai lamba R600a suke aiki, wanda ke kamawa da wuta. Kuma a riƙe wannan: gas ɗin firji ba ya ƙarewa don kansa kamar na girki, in ya ragu akwai inda yake fita. Mai gyaran da ya ɗura sabo bai toshe yoyon ba, ya shirya dawowarki ne bayan wata biyu.

Tukunyar gas ta girki da ruwan sabulu ake gwada ta, a shafa a kanta da bakin tiyo, in kumfa na tashi akwai yoyo. Ba a gwada ta da ashana. Batirin wayar da ya kumbura a daina caja shi, kada a huda, kada a jefa a wuta. In fis ya tsinke, a sa irinsa, kada a naɗa masa kaurin waya ko takardar kwalin taba, domin tsinkewar nan tasa ita ce ke hana gobara. Wanda ya ga tokar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone a dare ɗaya, ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan wuta.

Sai kuma maganar dalma. Tsohon batirin mota da na sola cike yake da ita, wasu kuma sukan fasa shi a tsakar gida don su sayar wa masu awo. A unguwar Thiaroye ta bakin Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda wannan sana'a, wadda iyayensu mata ke yi a gida. A Zamfara ma, nan maƙwabtanmu, gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010. Mataccen batir a mayar da shi ga mai sayarwa yadda yake, a rage kuɗin sabo. Haka nan ƙona waya don ciro jan ƙarfe kusa da masu tuya da masu fura cutar da jama'a ne.

Ina mafita?

Abin lura shi ne, su kansu Turawan da ke turo mana tsofaffin kayansu sun dawo rakiyar jefarwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. Tun 2009 aka fara wani dandali a birnin Amstadam inda maƙwabta ke haɗuwa su gyara wa juna kaya kyauta. Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni rubuta makin sauƙin gyara a jikin wasu na'urori a 2021, Tarayyar Turai kuma ta kafa dokar 'yancin gyara a 2024. Abin da suke kafa wa doka, shi ne abin da maƙeran kasuwar Katako ta Yamai da na Ƙofar Ruwa ta Kano suka daɗe suna ci da shi.

Don haka kira na farko ga shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa na Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji: a ware rumfa ɗaya mai wuta inda za a riƙa gwada duk kayan lantarki na hannu kafin a biya, a kuma tsayar da sharaɗin maido kaya ya zama al'adar kasuwa. Na biyu ga hukumomin koyar da sana'a: ga cibiyoyin CFM a gundumomi, ga asusun FAFPA, ga makarantar fasaha ta Dan Kasawa a Maradi. Me zai hana a shirya gajeren horo na mako 2 a lokacin rani, da harshen Hausa, kan gyaran fanka da sola da keken ɗinki, a kuma sa 'yan mata a ciki? Matar da ke kulle ta fi sakin jiki da mai gyara mace ta shigo mata har ɗaki. Na uku ga jami'an kwastan: a riƙa bambanta na hannu da matacce tun daga bakin iyaka.

Na ƙarshe ga mata da kansu. A nan jihar Maradi aka haifi tsarin asusun Mata Masu Dubara a 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin biki da na suna, ba za ta kasa sayen sukundireba da filaya da testa da salatif da kwalbar man keke ta ajiye a hannun mace ɗaya ba, ta kuma ware wani abu kowane mako da sunan kuɗin gyara, don ranar da injin wata ya tsaya kada ta ci uwar kuɗi. Mutanen yankin da suka tayar da itatuwa daga kututture ta hanyar sassaben zamani, har baƙi na zuwa Dan Saga ta Agye don ganin ido, ba su ne za a koya wa cewa abin da ya yi kama da matacce yana iya kasancewa da sauran rai ba.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya kare mu daga gobara da asara, amin.